Amsa ga Hajiya kan ɗanta mai son zama lainbaka

Assalamu alaikum. Hajiya, na karanta tambayarki, cewa ɗanki mai shekara 16 yana buga lainbaka (wani gurbin tsaro a ƙwallon ƙafa irin ta Amurka) a sakandare, kocinsa ya ce idan ya dage zai samu gurbin karatu kyauta a jami'a, wataƙila ma ya kai NFL, wato babbar gasar ƙwararrun wannan wasa a Amurka, amma kin lura bayan wasa yana kulle kansa a ɗaki da ciwon kai, kuma ya roƙe ki kada ki faɗa wa kowa. Kin tambaya ko ki bar shi ya ci gaba. Wannan roƙon da ya yi miki shi ne ya hana ni wucewa ban ce komai ba, domin ɗana ma ya yi wa mahaifiyarsa irinsa, kuma ya buga wannan gurbin tun daga sakandare har ƙofar NFL.

Ki sani cewa yaron da yake buga lainbaka ba zai taɓa gaya miki gaskiyar abin da yake ji a kansa ba, ko da kuwa bai saba yi miki ƙarya ba. Aikinsa shi ne ya tsaya bayan layin masu tsaro, ya karanci inda ƙwallo za ta bi, ya ruga ya yi karo da mai ɗauke da ita, sannan ya miƙe ya sake, kusan a kowane zagaye. Tun yana ƙarami ake koya masa cewa wanda ya nuna ciwo wani ne zai gaje gurbinsa. Ɗana ya zaɓi lamba 55 ne saboda Junior Seau, kuma hotonsa ne a bangon ɗakinsa. Seau ɗan asalin Samowa ne da ya tashi a Oceanside ta jihar Kalifoniya, ya buga wa jami'ar USC, ƙungiyar San Diego Chargers suka ɗauke shi a matsayi na biyar a zaɓen sababbin 'yan wasa na NFL na 1990, ya yi musu kaka 13, ya kai su wasan ƙarshe na Super Bowl a farkon 1995, sannan ya koma Miami Dolphins da New England Patriots. Kaka 20 ya buga, an zaɓe shi Pro Bowl, wato wasan fitattun 'yan wasan shekara, sau 12, kuma a duk tsawon wannan lokaci ba a taɓa rubuta sunansa cikin waɗanda ƙwaƙwalwarsu ta bugu ba. Wane mai hankali ne zai yarda cewa mutum ya shekara 20 yana karo da ƙarti bai taɓa buguwa ba? A watan Mayu na 2012, yana da shekara 43, ya ɗauki ransa da hannunsa, kuma a farkon 2013 likitocin da suka binciki ƙwaƙwalwarsa suka tabbatar yana da cutar CTE, wadda yawan bugun kai yake haifarwa. Likitan da ya fara bayyana cutar a jikin 'yan wannan wasa ma ɗan Najeriya ne, Dakta Bennet Omalu, bayan ya duba gawar Mike Webster a 2002.

Namu ya faru ne a jami'a, a wani wasan Asabar. Ina zaune a cikin 'yan kallo na ga ɗana ya yi karo kai da kai, ya faɗi, ya tashi ya nufi ɓangaren abokan hamayya yana tangaɗi, sai da wani abokinsa ya riƙo rigarsa ya juyo da shi. Daga inda nake, can sama, na ga wannan, amma mataimakin kocin da yake tsaye kusa da shi ya ce bai gani ba. Ya dafa kwalkwalinsa, ya yi masa magana a kunne, ya mayar da shi fili. Daga baya yaron ya gaya mini abin da ya ce masa, wai masu farautar 'yan wasa na NFL suna cikin filin, idan ya zauna a benci ya zubar da damarsa da hannunsa. A mota muna komawa ya tambaye ni ko sun ci wasan, na ce sun ci, ba mu yi nisa ba ya sake tambaya, ya kuma sake, da murya iri ɗaya kamar bai taɓa tambaya ba. Da muka tsaya sallar magariba na ja shi, ina jin sa a gefena yana miƙewa bayan raka'a ta uku, na sallame ya dube ni yana tambaya ko mun fara. A nan gwiwoyina suka mutu. Ya yi amai a hanyar asibiti, mahaifiyarsa tana kuka a waya, ni kuma ina tuƙi hannuna yana rawa.

Wannan mataimakin kocin, Hajiya, ya ci abinci a gidana. Lokacin da yake neman yaron, ya zauna a falona ya cire takalminsa a bakin ƙofa don ya burge mu, ya ci tuwo da miyar kuka yana yabawa, ya dubi idon matata ya ce zai riƙe ɗanta kamar nasa. Da yaron ya kwanta a ɗaki mai duhu, labule a sake, ba ya iya kallon waya ko karanta layi ɗaya na littafi, ko sau ɗaya bai kira ya ji lafiyarsa ba. Saƙon da ya turo shi ne na tambayar ranar da zai dawo atisaye. Da na je ofishinsa ya bar ni a tsaye, ya ce mini wannan wasan maza ne, kuma yaron da kansa ya ce lafiyarsa ƙalau. To wa ya koya masa faɗin haka? Har yau idan na tuna fuskarsa a wannan ofis raina yana ɓaci, na bar shi da Allah, amma ban ce na manta ba.

Ɗana ya warke ya ci gaba, ba a ɗauke shi a zaɓe ba, wata ƙungiya ta gayyace shi sansanin atisaye, kuma a ƙarshen Agusta, lokacin da ake rage 'yan wasa daga 90 zuwa 53, aka sallame shi. Digirinsa ne yake ci da shi yanzu, alhamdu lillahi. Don haka kada ki bari a sauƙaƙa masa darussa don ya samu lokacin atisaye. 'Yan wasa kusan 250 kacal ake ɗauka a zaɓen kowace shekara a duk faɗin Amurka, kuma yawancin waɗanda suka shiga ba sa wuce 'yan shekaru kaɗan.

Ba zan ce miki ki hana shi ba, domin na san abin da wasan ya ba ɗana na tarbiyya da karatu, kuma yaro mai shekara 16 idan aka hana shi da ƙarfi ɓoye-ɓoye yake ƙarawa. Amma ki kai shi wurin likitan da ba shi da alaƙa da makarantar, wanda ba ruwansa da ko an ci wasa ko ba a ci ba, ki shiga ɗakin tare da shi, ki faɗi abin da kika gani da bakinki. Doka tana bayanki: tun daga jihar Washington a 2009, kusan kowace jiha ta yi dokar cewa yaron da ake zargin ƙwaƙwalwarsa ta bugu a fitar da shi daga wasa, kuma sai ma'aikacin lafiya ya amince zai koma. Bugu na biyu kafin na farko ya warke shi ne mafi haɗari. Kada wani ya ruɗe ki da tsadar kwalkwali, ƙoƙon kai yake karewa, ba ya hana ƙwaƙwalwa girgiza a ciki. Ki gaya wa mahaifinsa yau, wannan ba sirrin da uwa za ta riƙe ita kaɗai ba ne. Ki kuma lura da barcinsa, da saurin fushi, da makin jarrabawarsa, domin a gidanmu ta nan abin ya fara nunawa.

Idan ya ce miki jarumai ba sa barin fili, ki ba shi labarin Chris Borland, wanda ya bar San Francisco 49ers a 2015 yana da shekara 24, bayan kaka ɗaya tak mai kyau, saboda tsoron abin da zai samu ƙwaƙwalwarsa. Ki ba shi na Luke Kuechly na Carolina Panthers, wanda duniya ta gani yana kuka a 2016 ana fitar da shi daga fili bayan ya bugu, kuma ya ajiye wasan a farkon 2020 yana da shekara 28, lokacin da ake lissafa shi cikin mafi iyawa a gurbin. Ɗana ya ce a shirye yake ya yi magana da naki, wataƙila ya fi jin ta bakin wanda ya sa kwalkwalin, sai ki turo mini saƙo ta gefe mu haɗa su. Amma don Allah, Hajiya, kada ya shiga wasan Juma'ar nan sai likita ya gan shi. Allah ya ba shi lafiya, ya shirya mana zuri'a.