Fetur ko kananzir a injin wanke kayan mota?

Maigida, ka tambaya me za ka zuba a injin wanke kayan mota da aka ƙera maka a Panteka, fetur ko kananzir. Fetur dai ka yi nesa da shi. Tiririnsa na kama wuta ko a sanyin digiri 40 ƙasa da sifili, balle zafin Kaduna na watan Afrilu. Tartsatsin mai walda na kusa da kai, ko na famfon injin kansa, ya isa ya tashi garejin.

Kananzir sai ya kai wajen digiri 38 tiririnsa ke kamawa, kuma yana narkar da baƙin mai da giris sosai. Shi nake zubawa, injin na inuwa, murfi a rufe in ba a aiki. Man gas, wato dizal, ya fi shi aminci, amma yana barin maiƙo da wari mai naci.

Ruwan sodar nan mai cin fata da ake haɗa sabulu da ita kuwa, kada ya taɓa alminiyom. Na taɓa jiƙa kafireto a ciki, da safe na tarar ya yi baƙi, duk ya zaizaye. Ka saya wa yaranka safar hannu ta roba mai kauri, don kananzir na busar da fata har ta tsattsage.