Jirgin da ke iya nutsewa, yaya aka yi har aka banke shi? Labarin U-15

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Na ji an ce jirgin ƙarƙashin teku na Jamus na farko da aka hallaka a Yaƙin Duniya na Ɗaya ba harbo shi aka yi ba, wai wani jirgin Birtaniya ne ya banke shi ya raba shi gida biyu. Abin ya ɗaure mini kai. Jirgin da aikinsa ke nan nutsewa, me ya hana shi nutsewa ya tsira? Kuma su Turawan Ingila ba su da makami ne, sai karo kamar raguna? Daga wani mai karatu a Gusau.

Amsa: Wa alaikumus salam. Malam, abin da ka ji gaskiya ne. Jirgin sunansa U-15, wanda ya banke shi kuwa HMS Birmingham, kuma abin ya faru ne da asubahin ranar 9 ga Agusta, 1914, kwana biyar kacal da shigar Birtaniya yaƙin. Amma kafin mu je ga karon, sai ka fara cire hoton jirgin ƙarƙashin teku na zamanin nan daga ranka, wanda ke yin watanni a ƙasan ruwa bai leƙo ba. U-15 ba kifi ba ne. Ya fi kama da gwanin nutso a kogi: yawancin lokacinsa a saman ruwa yake, in ya nutsa na ɗan lokaci ne, dole ya taso.

An ƙera shi a ma'aikatar jiragen ruwa ta gwamnati da ke Danzig, garin da yau ake kira Gdansk a ƙasar Folan, ya fara aiki a 1912. Tsawonsa wajen mita 58, yana ɗauke da tofido shida, wato bama-baman nan masu farfela da ke tafiya da kansu a cikin ruwa. Inji iri biyu gare shi. In yana ƙasa, batir ke tura shi, kuma batirin ba ya jurewa: ko a hankali aka tafi, ba za a kai kilomita 200 ba ya ƙare. In yana sama, sai injinan kamfanin Körting, waɗanda ke shan kananzir. A nan matsalar take. Duk wanda ya taɓa zama kusa da risho mai lalatacciyar lagwani ya san hayaƙin kananzir. To, waɗannan injinan farin hayaƙi suke tuttulowa da rana, ana hango shi daga nesa, da dare kuma tartsatsi, ga ƙara. Jirgin da duk amfaninsa ɓuya ne, sai ga shi yana shelar kansa. Don haka aka yi masa dogon bututun hayaƙi, wanda sai an kwantar da shi kafin a nutse. Jamusawa sun san wannan aibi. Daga U-19, wanda ya fara aiki a 1913, suka koma injin dizal. U-15 na cikin 'yan ƙarshen masu kananzir.

Dalilin wannan koma-baya shi ne mai faɗa a ji a rundunar ruwan Jamus, Admiral Tirpitz, idonsa na kan manyan jiragen yaƙi masu igwa, da su yake son gogayya da Birtaniya. Sai a ƙarshen 1906 Jamus ta samu jirgin ƙarƙashin tekunta na farko, U-1, bayan Faransa da Amurka da Birtaniya duk sun riga ta. Ko da aka samu, ana kallonsu ne a matsayin masu gadin bakin teku.

Da yaƙi ya ɓarke, Jamusawa sun zaci Birtaniya za ta kawo jiragenta ta jibge a ƙofar gidansu, ta tare musu tashoshi. Shiru, ba kowa. Ashe Turawan Ingila sun canza dabara, sun koma can nesa sun toshe mafitar Tekun Arewa, babbar rundunarsu kuma tana tashar jiragen ruwa ta Scapa Flow a tsibiran Orkney, arewa da Sikotilan. Sai ranar 6 ga Agusta aka tura jiragen ƙarƙashin teku goma daga tsibirin Heligoland na Jamus, su jeru su nufi arewa su nemo inda abokan gaba suke. Tsofaffin masu kananzir ne aka tura, kuma ba a taɓa sa su tafiya mai nisa haka cikin yaƙi ba. U-15 na cikinsu, Richard Pohle ke jagorantarsa. Ba a yi nisa ba inji ya fara ba su matsala, har U-9 ya juya gida. Ka riƙe sunan U-9, za mu komo kansa.

Ranar 8 ga Agusta, kusa da wani ɗan tsibiri mai suna Fair Isle, tsakanin Orkney da Shetland, manyan jiragen Birtaniya uku, Monarch da Orion da Ajax, suna atisayen harbi, sai aka ga tofido ya nufo Monarch. Bai same shi ba. Galibin masana tarihi U-15 suke dangantawa da wannan harbi. Daga Heligoland zuwa wurin nan kusan kilomita 800 ne, nisan da hafsoshin Birtaniya da yawa ba su ɗauka waɗannan 'yan jiragen za su iya kaiwa ba.

Washegari da asuba, ana hazo, Birmingham na sintiri a gaban babbar runduna tare da 'yan uwansa. Jirgi ne sabo fil, a shekarar ya fara aiki, mai sauri, nauyinsa ya haura tan 5,000, wato ya ninka U-15 kusan sau goma. Kyaftin ɗinsa Arthur Duff. Kwatsam suka ga U-15 a saman ruwa, a tsaye cak, ba alamar mai tsaro a kansa. Mutanen Birmingham sun ce sun ji ƙarar guduma daga cikinsa, abin da ya sa aka yi ittifaƙin inji ne ya lalace ana gyara. Ka lura, duk wannan bayani daga bakin ɓangare ɗaya ya fito, don babu Bajamushe ko ɗaya da ya rayu ya faɗi nasa. Birmingham ya buɗe wuta, harbin igwa bai yi tasiri ba, sai Duff ya juya goshin jirginsa ya taka wuta. U-15 ya fara yunƙurin nutsewa, amma kafin ruwa ya rufe shi ƙarfe ya riga ya iso. Ya nutse da duk mutanensa, su ashirin da 'yan kai.

To, me ya hana shi nutsewa tun da wuri? Nutso a jiragen wancan zamani aiki ne mai matakai. A kashe injin kananzir, a koma kan batir, a kwantar da bututun hayaƙi, kowa ya shige a rufe ƙofofi, sannan a buɗe tankuna ruwa ya cika su har jirgin ya yi nauyi. Mintoci ake yi, ba daƙiƙoƙi ba. Akwai kuma wani abu da mutane ba su cika sani ba: jirgin ƙarƙashin teku yana da wasu 'yan fukafukai a gaba da baya, su ke karkata hancinsa ƙasa, kuma ba sa aiki sai jirgin na tafiya ruwa na bugunsu. Jirgin da ke tsaye sai dai ya jira nauyin ruwa ya ja shi sannu a hankali. Shi kuwa Birmingham yana iya cin kilomita ɗaya cikin ƙasa da minti biyu. A cikin hazo, lokacin da za ku ga juna kun riga kun yi kusa. Lissafin bai bar wa Pohle komai ba. In da laifi a kansa, ni a ganina rashin mai tsaro ne, in har shaidar Turawan Ingila daidai take. Amma ban cika son ɗora wa mamaci laifi a kan maganar wanda ya kashe shi ba.

Game da karon raguna da ka ce, ai ba su da wani abin da ya fi shi. A 1914 babu na'urar da ke gano jirgi a ƙasan ruwa, babu kuma gangar bam ɗin nan da ake jefawa ta fashe a zurfi. Sai a Maris 1916 aka fara nutsar da jirgin Jamus, U-68, da taimakon irin wannan bam. Igwa kuwa, abin da ake hari ƙanƙane ne, ya kwanta dab da ruwa, harsashi yakan tsallake shi ko ya daki ruwa ya kauce. Saboda haka goshin jirgi shi ne makamin da aka fi amincewa da shi. A Nuwamba 1914 har wani jirgin masunta da aka sa aikin soja, Dorothy Gray, ya banke U-18 a bakin Scapa Flow. A Maris 1915 ma banka ce ta gama da U-12.

Abin da ya fi ba ni sha'awa a labarin shi ne yadda kowane ɓangare ya karanta shi. Daga jirage goma, takwas suka koma gida, ba su nutsar da ko kwalekwale ba. U-13 ma ya ɓace da mutanensa a wannan fita, ana kyautata zaton nakiya ya taka. Hafsoshin Jamus suka ga kamar zatonsu ya tabbata, waɗannan jirage ba abin dogaro ba ne. A Birtaniya jama'a na murna, amma shugaban babbar runduna, Admiral Jellicoe, hankalinsa ya tashi. Shi abin da ya gani shi ne jirgin Jamus ya iso har Fair Isle, alhali Scapa Flow ba shinge ba raga, ƙofa a buɗe. Wanda maciji ya sara, ko tsumma ya gani sai ya zabura. Ranar 1 ga Satumba wani ya ce ya ga madubin leƙen jirgin ƙarƙashin teku a cikin tashar, aka yi ta harbe-harbe, runduna duka ta fice teku, kuma babu wani jirgin Jamus a wurin. A Oktoba sai da Jellicoe ya kwashe manyan jiragensa zuwa yamma, har Lough Swilly a arewacin Ailan, kafin a gama killace Scapa Flow. Tofido ɗaya da ya kuskure ya taimaka wajen hana rundunar ruwa mafi ƙarfi a duniya barci a gidanta.

Ba a daɗe ba su ma Jamusawa suka gane abin da ke hannunsu. Ranar 5 ga Satumba U-21 ya nutsar da jirgin yaƙin Birtaniya HMS Pathfinder. Ranar 22 ga watan kuma U-9 ɗin nan da ya juya gida saboda inji, wanda ya ma girmi U-15 kuma shi ma kananzir yake sha, ya nutsar da jiragen yaƙin Birtaniya uku, Aboukir da Hogue da Cressy, cikin kusan awa ɗaya da rabi a gaɓar Holan, mutum fiye da 1,400 suka mutu. Bambancinsa da U-15 shi ne shi ya riga ganin abokin gaba, ya samu sukunin nutsewa ya yi kwanto.

Kwamandansa, Otto Weddigen, ya zama gwarzo a Jamus, aka ba shi sabon jirgi mai injin dizal, U-29. Ranar 18 ga Maris, 1915, ya kai wa babbar rundunar Birtaniya hari a arewacin Sikotilan, ya harba tofido bai samu ba, jirginsa ya ɗan ɓullo sama. HMS Dreadnought, jirgin da aka ƙera don manyan igwoyinsa, bai harba ko ɗaya ba. Bi ta kansa ya yi, kamar yadda Birmingham ya yi wa U-15, kuma a nan ma ba wanda ya fita.