Tambaya da Amsa: Kai Wa Makarantun Karkara Littattafan Yara

Tambaya: Assalamu alaikum. Ƙungiyarmu ta 'yan asalin ƙauye ɗaya mazauna Kano ta tara littattafai kwali shida daga gidajen mambobi, muna son kai wa firamaren garinmu. Mu ɗauka mu kai kawai, ko da abin da ya kamata mu fara yi? Daga sakataren wata ƙungiya, Kano.

Amsa: Wa'alaikumus salam, Malam. Allah ya saka muku da alheri, amma kada a ɗora kwalayen a mota tukuna. A shimfiɗa tabarma a zazzage su a tantance. Abin da ake tarawa daga gidaje yawanci littattafan jami'a ne, da tsofaffin tambayoyin WAEC, da littattafan aiki da wani yaro ya riga ya cike da biro. Ɗan firamare ba zai ci moriyar ko ɗaya ba. A ware kuma duk wanda ya rasa shafi, da wanda ya yi fumfuna ko yake da ramukan ƙwari, don guda ɗaya yana iya ɓata akwati.

Abin da ya rage, a duba harshensa da nauyinsa. Ɗan aji 1 zuwa 3 a karkara da Hausa yake tunani, don haka yana buƙatar littafin Hausa mai babban hoto, manyan haruffa, jimla ɗaya ko biyu a shafi. Na Turanci mai sauƙi ya fi dacewa da aji 4 zuwa 6. Ga gwaji: a ba yaro shafi ɗaya ya karanta, duk kalmar da ta gagare shi ya lanƙwasa yatsa. In yatsu biyar sun ƙare kafin shafin, littafin ya fi ƙarfinsa.

Sannan a kira hedimasta a tambaye shi yawan ɗalibai a kowane aji, ko akwai ɗakin da ba ya yoyo, da malamin da zai riƙe makulli. A sanar da kwamitin SBMC, wato kwamitin al'umma mai kula da makarantar, da sakataren ilimi na ƙaramar hukuma. Ranar miƙawa a yi ta gaban dagaci da iyaye, da jerin sunayen littattafan kofe biyu, kowane ɓangare ya sa hannu ya riƙe nasa.

Tambaya: Ina da ɗan kuɗi da na ware sadaka ga mahaifina, Allah ya jiƙansa. A ina zan samu littattafan yara na Hausa? Daga wani ɗan kasuwa, Funtuwa.

Amsa: Amin, Alhaji, Allah ya kai ladan kabarinsa. Ka fara da kamfanin buga littattafai na NNPC (Northern Nigerian Publishing Company) da ke Zariya da manyan shagunan littattafai na Kano da Kaduna. Ka guji bugun jabu ko da ya fi arha: takardarsa sirara ce, tawadarsa tana dushewa, kuma haƙƙin marubuci ne ake ci. Kada ka sayi kofe 100 na littafi ɗaya. Ga ajin yara 60, littattafai iri 30, kowanne kofe biyu ko uku, sun fi amfani nesa ba kusa ba.

Akwai kuma hanya mai rahusa. Shafin African Storybook na ƙungiyar Saide ta Afirka ta Kudu, da StoryWeaver na Pratham Books a Indiya, suna da labaran yara da Hausa waɗanda aka yarda a sauke daga intanet a buga kyauta, muddin an bar sunan marubuci da mai zane. Takardar A4 guda, in an buga gaba da baya aka naɗe biyu, tana ba da shafi 4. Littafi mai shafi 16 takarda 4 ke nan, rim ɗaya mai takarda 500 zai fitar da kofe 125. A sa bango na kwali mai kauri, a ɗinke tsakiya da zare, domin ƙusar sitefila tana tsatsa da damina. Kafin a buga da yawa a fitar da kofe ɗaya a karanta, saboda wasu kwamfutoci suna mayar da ƙ da ɗ da ɓ wasu 'yan akwatuna, ko su cire musu lanƙwasa, ƙasa ta koma kasa. Wannan ba ƙaramar ɓarna ba ce ga mai koyon karatu.

Tambaya: Bara mun kai wa wata makaranta littattafai 200. Da muka koma, mun tarar da su a kulle a ofis, gara ta ci na ƙasa. Raina ya ɓaci ƙwarai. Me za mu gyara? Daga wata malamar asibiti, Azare.

Amsa: Ki yi haƙuri, Hajiya, wannan ita ce matsalar da ta fi yawa, kuma galibi ba mugunta ke kawo ta ba, tsoro ne. Hedimasta yana ganin in littafi ya ɓata ko ya yage shi za a tuhuma, sai ya ga kullewa ta fi masa kwanciyar hankali. Ku cire masa wannan tsoron a rubuce: kun san a shekara wasu za su yage, wasu su ɓata, kuma ba za ku nemi kowa ya biya ba. Haka ma tarar kuɗi ga yaro, a bar ta. Uban da aka ce ya biya littafi sau ɗaya zai hana ɗansa sake ɗaukowa.

Ku fitar da littattafan daga ofis ku raba su aji aji, kowane aji da akwatinsa na ƙarfe mai murfi. Kwali ba ya tsare gara ko ɓera. A ɗora akwatin kan bulo biyu, a bar tazarar kamu ɗaya tsakaninsa da bango, don ta ƙasa da bango gara ke bi. A zuba busasshen ganyen darbejiya a ciki. Kafur yana korar ƙwari, amma guba ne kuma yana kama da alewa, kada a sa shi inda ƙananan yara ke sa hannu. Bayan damina a fito da littattafan su sha iska a inuwa.

Kowane littafi a buga masa hatimin makaranta a shafin farko da wani shafi na ciki, a ba shi lamba, a ƙarfafa bayansa da faffaɗan salatif. Rajistar aro littafin rubutu ɗaya ya isa: suna, lamba, ranar ɗauka, ranar dawowa. Mako ɗaya ne wa'adi, kuma ɗalibai biyu a aji, mace da namiji, za su iya riƙe ta.

Mafi muhimmanci, ku roƙi a ware minti 30 sau biyu a mako a jadawali, malami ya karanta labari da babbar murya yana nuna hoto, sannan yara su ɗauka da hannunsu. In kun koma bayan zango ɗaya, ku buɗe rajistar ku ƙirga aron da aka yi, ku tafi da salatif da zare da allura don gyaran waɗanda suka sha hannu.