Aikin hannu da jikoki a hutun Sallah

Hajiya, kin ce jikoki za su zo miki unguwar Aboabo a Kumasi hutun Sallah, ba kya so su wuni kan waya. Ki nemi ƙyallayen atamfa wurin tela, gab da Sallah har zubarwa suke yi. Manyan su ɗinka 'yar jakar zuba barka da Sallah, kina riƙe musu bakin ƙyallen har hannunsu ya faɗa. Don Allah kada ki warware ɗinkin da ya karkace, yaro zai yi fushi ya ajiye allurar.

Ƙananan ki sayo musu manyan duwatsun wuya a kasuwar Kejetia su zura a zare, amma ban da ɗan ƙasa da shekara 3, komai baki yake kaiwa. In dutse ya shige hanci ko kunne, kada a sa tsinke, a wuce asibiti.