Karen maƙwabci ya ciji ɗana: wa zai ɗauki nauyin magani?

Tambaya:

Assalamu alaikum, Barista. Ni manomi ne a wani ƙauye da ke ƙaramar hukumar Ringim, jihar Jigawa. Yau kwana shida ke nan, ɗana mai shekara bakwai yana dawowa daga makarantar allo da yamma, sai karen maƙwabcina ya fito daga zaure ya cafke shi a sharaɓa, haƙora huɗu suka shiga. Maƙwabcin nawa mafarauci ne. Bara da damina karen ya ciji wata yarinya mai tallar gyaɗa, har mai unguwa ya kira shi gaban mutane ya ce ya riƙa ɗaure shi. Na kai yaron asibiti an fara allura, sai da na sayar da akuya. Da na yi wa mai karen magana sai ya ce ƙaddara ce, kuma wai wani malami ya gaya masa ɓarnar dabba ba ta da ramuwa. Ƙannena suna son su kashe karen. Sahu ɗaya muke sallah da mutumin nan, ba na son rigima. Shin ina da hakki a kansa?

Amsa:

Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya ba yaro lafiya. Kana da hakki, kuma mai ƙarfi. Amma bari in fara da abin da ya fi shari'a gaggawa.

Kada ku fasa allura ko ɗaya. Allurar cizon kare jeri ce: ranar farko, rana ta 3, ta 7, ta 14, wani tsarin har da ta 28. Ka riƙe katin asibiti ka bi ranakun da aka rubuta, ko da ciwon ya bushe yaro ya koma wasa. Ciwon haukan kare yakan kwanta a jiki wata biyu ko uku kafin ya bayyana, idan kuwa ya bayyana, da wuya a tsira. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta yana kashe mutum kusan 59,000 a kowace shekara, kuma kashi 40 cikin ɗari yara ne 'yan ƙasa da shekara 15. Ga sauran masu karatu: da zarar kare ya yi cizo, a wanke wurin da sabulu da ruwa mai yawa na minti 15, sannan a nufi asibiti. Ba a jiran mai kare ya kawo kuɗi.

Na taɓa zuwa ta'aziyyar wani yaro a wani ƙauye. Da kare ya cije shi, manya suka zauna, mai karen ya ba da haƙuri, aka shafa fatiha, aka ƙona gashin karen aka barbaɗa a ciwon. Bayan wata biyu uwarsa ta miƙa masa ruwa a moɗa, ya kalli ruwan ya sandare yana ƙara. Har yau idan aka kawo mini irin wannan magana, moɗar nan nake fara tunawa. Shi ya sa na fara da allura.

Ka hana ƙannenka taɓa karen. A ɗaure shi, a ba shi abinci, a sa masa ido kwana 10 daga ranar cizon. Idan ya mutu a tsakanin nan, ko ya fara dalalar da miyau, ko ya ƙi ci, ko ya shiga cizon duk abin da ya gani, a sanar da likitan dabbobi na ƙaramar hukuma nan take, domin ana iya gwada ƙwaƙwalwarsa, kuma cibiyar binciken cututtukan dabbobi ta ƙasa da ke Vom a jihar Filato tana wannan gwaji. Idan aka kashe shi aka jefa a rami, an rasa wannan shaida. Sannan za ka ba maƙwabcinka abin kamawa, tunda a mazhabarmu wanda ya kashe karen da aka halatta riƙewa ana iya neman kuɗinsa a wurinsa. Idan karen ya cancanci a kawar da shi, to hukuma ta yi umarni.

Yanzu maganar malamin. Bai ƙirƙira ba. Akwai hadisi ingantacce a Buhari da Muslim cewa raunin da dabba ta yi ya faɗi, babu ramuwa. Sai dai malaman fiƙihu ba su ɗauke shi a kan kowane hali ba. Yana magana ne kan dabbar da ta yi ɓarna don kanta, ba da sakacin kowa ba. Kai manomi ne, ka san hukuncin da ake yi idan shanu sun shiga gona da dare. Asalinsa raƙumar Bara'u ɗan Azib ce da ta shiga gonar wani ta yi ɓarna, Manzon Allah (SAW) ya hukunta cewa tsaron gona da rana yana kan masu gona, abin da dabbobi suka ɓata da dare kuma yana kan masu dabbobi. Ka ga ashe ɓarnar dabba tana da ramuwa idan mai ita ya saki abin da ya wajaba ya tsare.

Kare mai cizo kuwa, malaman Malikiyya sun ware masa magana ta musamman. A cikin Muhtasar, Shehu Halil ya jera shi tare da wanda ya haƙa rijiya, da wanda ya sa abu mai santsi, da wanda ya ɗaure dabba a kan hanya. Masu sharhi suka rarraba. Wanda ya riƙe kare da nufin ya cutar da wani mutum takamaimai, ya kuwa halaka shi, wannan kisan ganganci ne, hukuncinsa ƙisasi. Wanda ya riƙe shi ba bisa dalilin da shari'a ta yarda ba, alhali ya san yana cizo, ya lamunci abin da ya ɓata. Wanda kuma ya riƙe shi bisa halal, kamar farauta ko kiwo ko tsaron gona, ba a kama shi da cizon farko da bai san da halin karen ba. Amma da zarar an yi masa gargaɗi, a gaban hukuma ko a gaban maƙwabta da za su yi shaida, ya ci gaba da sakinsa, to duk abin da ya biyo baya yana wuyansa.

A nan maƙwabcinka ya faɗa. Ba wanda zai ce masa don me ya riƙe kare, tunda farauta tana cikin abubuwan da hadisi ya togace. Kuma ni ban ga laifin mutanen karkara da ke riƙe kare don tsaro a wannan zamani na satar shanu ba. An ruwaito cewa Ibnu Abi Zaid mai Risala da kansa ya riƙe kare a gidansa, da aka tuna masa Imamu Malik ya ƙi hakan sai ya ce da Malik ya riski zamaninsu da zaki zai riƙe. Laifin maƙwabcinka shi ne an kira shi bara, an gaya masa a bainar jama'a, kunnensa ya ji, bai sayi igiya ba. Ƙaddara gaskiya ce, mun yi imani da ita. Sai dai ba ta ɗauke wa mai sakaci lamuni. Da tana ɗaukewa, da babu diyyar kisan kuskure a cikin Alƙur'ani.

Wani abin sha'awa, dokar da muka gada daga Ingila ita ma wannan tambayar take yi: shin mai dabbar ya san halinta? A shari'ar Daryani da Njoku ta 1965 a Legas, kare ya ciji mutum, sai aka gano ya taɓa cizon wata 'yar aiki kuma an gaya wa matar mai gidan. Kotu ta ce sanin matar sanin mijin ne, ta ɗora masa biya. Saboda haka ko kotun shari'ar Musulunci ka je, ko kotun da ke aiki da dokar Turawa, cizon yarinyar nan mai gyaɗa da kashedin mai unguwa su ne ƙashin bayan ƙararka. Akwai kuma ɓangaren laifi, domin dokar Final Kod ta Arewa ta hukunta sakaci da dabba mai haɗari. Ni dai ba zan so ka fara da 'yan sanda ba, tunda abin da kake nema magani ne da zaman lafiya.

Abin da mai kare zai iya kare kansa da shi kaɗan ne. Idan wanda aka ciza ya haura katanga ne ko ya kutsa gida ba izini, ko shi ya tsokani karen da jifa ko duka, magana takan canja. Ka shirya, domin kusan kowane mai kare abin da yake fara cewa ke nan: yaro ne ya jefe shi. Ka tambayi ɗanka a hankali, ba da tsawa ba, ka kuma nemi manyan da ke zaune a ƙofar gida lokacin. Yaro da ke tafiya a kan hanyar kowa da allonsa a hammata ba mai kutse ba ne.

To me za a biya? A nan nake son ka saurara da kyau, kada wani ya cika maka kunne da miliyoyi. Cikakkiyar diyyar rai raƙuma 100 ce, ko dinari 1,000 na zinariya. Wasu gaɓoɓi shari'a ta yanka musu rabo: ido ɗaya rabin diyya, kowane yatsa kashi ɗaya cikin goma, raunin da ya huda zuwa cikin ciki sulusi. Rauni a naman ƙafa irin na ɗanka ba ya cikin waɗanda aka yanka wa adadi. Shi ana jira ne sai ya warke. Idan ya bar nakasa ko muni, kamar ɗingishi ko tabo mai lotsawa, alƙali ya kimanta gwargwadon abin da ya ragu, wannan shi ake kira hukuma, kuma a yau rahoton likita ne madogararsa. Idan ya warke sumul, Risala ta ce babu diyya a kansa. Amma kuɗin magani daban yake. Manyan malaman mazhaba, irin su Ibnu Arafa, sun zaɓi cewa a raunin da ba shi da ƙayyadadden adadi, ladan likita da kuɗin magani suna kan wanda ya jawo shi. Wannan ra'ayi nake kafa hujja da shi, kuma shi nake ganin adalci, domin ba daidai ba ne akuyarka ta tafi saboda karen wani. Abin da bai kai sulusin diyya ba daga aljihun mai karen yake fita, ba a raba wa danginsa.

Kotun Turawa ta fi faɗaɗawa, tana ba da kuɗin da aka kashe idan an kawo shaidarsu dalla-dalla, tana kuma ƙara wani abu saboda azaba da wahala. Sai dai tana cin lokaci da kuɗin lauya, kuma akwai wa'adin shigar da ƙara. Wanda ba shi da hali yana iya neman Hukumar Ba da Tallafin Shari'a ta ƙasa, wadda ke da ofis a manyan biranen jihohi.

Matsalar da na fi gani a irin wannan ƙara ita ce takarda. Mutum ya kashe kuɗi da gaske, amma ya zo gaban alƙali hannu rabbana. Daga yau ka nemi leda ɗaya ka riƙa tara komai: katin asibiti, rasit na kowace allura, takardar kemis. Kuɗin mashin zuwa Ringim da dawowa, ka rubuta rana da adadi a littafi. A ɗauki hoton ciwon da waya yau, a sake ɗauka duk mako. Wandon da ya yage kada a jefar. Ka san wanda ya sayi akuyar da nawa ya saya. Mai da'awa shi ke kawo shaida. A harkar dukiya ana karɓar maza biyu adilai, ko namiji ɗaya da mata biyu, kuma Malikiyya suna hukunci da shaida ɗaya tare da rantsuwar mai ƙara. Ka je wurin mai unguwa da mahaifin yarinyar nan tun yanzu, ka tabbatar suna tune da abin da ya faru bara, da waɗanda ke wurin.

Game da zumunci kuwa, na fahimce ka sarai. Neman hakki ba rigima ba ne, kuma sulhu alheri ne. Ka fara da mai unguwa, in ya gagara a je gaban dagaci, a gayyato liman. Kada ka tafi da ƙannenka masu zafin rai. Ka ajiye ledarka a tabarma ka ce: "Ga abin da na kashe, ga allurar da ta rage." Idan ba shi da kuɗi a hannu, a raba masa biya, ko a jira kaka ya biya da hatsi. In ka ga dama ka yafe wani ɓangare na abin da ka kashe daga aljihunka, kana da lada. Amma abin da zai zama hakkin yaron idan nakasa ta bayyana, wannan nasa ne, kada ka yi gaggawar yafe shi tun ciwo bai warke ba. A rubuta a takardar sulhu cewa wannan magana tana nan a buɗe har likita ya sallame shi.

Abu biyu kuma kada ka tashi daga zaman ba a rubuta su ba: za a riƙa ɗaure karen idan ba farauta aka fita ba, kuma za a kai shi a yi masa rigakafin hauka, a riƙa sabuntawa duk shekara. Dagaci ya sa hannu, shaidu su sa, kowa ya riƙe kwafi. Idan ya ƙi zuwa ko ya ƙi biya, ka ɗauki ledarka ka je kotun shari'ar Musulunci mafi kusa, ka shigar da ƙara a madadin ɗanka a matsayinka na waliyyinsa, a aika masa sammaci.

Gobe ce rana ta bakwai, ranar allura ce. Ka kai yaron da sassafe. In kun dawo, ka bi ta wurin mai unguwa ku je tare ku ga karen da idonku, a ɗaure, yana ci yana sha, domin saura kwana uku ke nan a cika goma.