Kafin ka kwashe iyali zuwa gundumar Finney

Wani ƙanenmu ɗan Maradi da ke New York ya rubuto cewa an yi masa tayin aiki a mayankar shanu a gundumar Finney, jihar Kansas. Haya ta ishe shi, yana tambaya: ya tafi ko ya zauna?

Ƙanena, fara sanin ƙasar tukuna. Finney tana kudu maso yammacin Kansas, fili fetal, ba dutse ba daji. An kafa gundumar a 1884, hedikwatarta Garden City, mutanenta ba su kai 40,000 ba a ƙidayar 2020. Ruwan sama na shekara bai cika wuce milimita 500 ba, kusan irin na Maradi. Kogin Arkansas ya ratsa ta, amma yawancin shekara yashi za ka tarar a gindin gada. A shekarun 1930 fari da guguwar ƙura sun kori manoma da dama.

Abin da ya tayar da yankin ruwan ƙarƙashin ƙasa ne, wanda ake kira Ogallala. Da rijiyoyin burtsatse aka noma masara, masara ta kawo wuraren kiwon turka, su kuma suka kawo mayankar garin Holcomb a 1980, wadda kamfanin Tyson ke riƙe da ita tun 2001. Ruwan nan yana ja da baya, shi ya sa ba na son ka yi gaggawar sayen gida. Aikin ma na tsayuwa ne cikin sanyi, wuƙa a hannu, kafaɗa na ciwo.

Ba za ka zama baƙon farko ba. 'Yan Meziko, Biyetnam, Bama da Somaliya sun riga ka, akwai masallaci. A 2016 an kama wasu mutum uku da suka shirya tayar da bam a gidajen Somaliyawa, kotu ta ɗaure su.

Batun takardu ya fi damuna. Doka ta ba ka kwana 10 ka sanar da hukumar shige da fice sabon adireshi, da fom AR-11. In kana da shari'a, kotu ma a sanar da ita daban, kuma ka tuntuɓi lauyanka kafin ka motsa. Wichita, birni mai girma da za ka riƙa zuwa, tafiyar sama da awa uku ce, ga shi ba a rayuwa a Finney sai da mota.

Ka je kai kaɗai, ka yi lokacin sanyi guda, ka tambayi shugaban sashenka lokacin salla tun ranar farko. Uwargida da yara su biyo baya in an rufe makaranta.