Madigadin baya haƙƙin wanda ke bin ka ne

Assalamu alaikum ɗana. Saƙonka ya iso tare da hotunan keken, kuma mutanen gida duk suna gaishe ka.

Ka ce 'yan ƙungiyar da kuke fita da kekuna tare ranar Lahadi a birnin Nottingham na Ingila sun sanar cewa daga shigowar hunturu har zuwa watan Maris, duk wanda bai ɗaura madigadi gaba da baya ba sai dai ya koma ƙarshen layi. Abin ya sosa maka rai, don a ganinka ba dokar ƙasa ba ce, kuma ba a san keken tsere da madigadi ba. Kana tambaya ko dole ne baƙo ya bi irin wannan al'ada, in kuma zai bi, wane iri ya kamata ya saya.

Ka bi, ɗana, kuma ka bi da zuciya ɗaya. Gaskiya ne hukuma ba za ta kama ka don rashin madigadi ba. Amma abin da mutanen nan suka nema a wurinka, mu ma da shi aka raine mu a nan Gombe, illa dai ba mu taɓa rubuta shi a takarda ba.

Ka tuna yadda gari yake zama a watan Agusta. Ruwa ya sauka da hantsi, ya gangaro daga tudu da jan yashi, kwatoci su cika su tumbatsa, lungunan Jekadafari da Bolari da Herwagana su koma taɓo. In ranar Juma'a ce, ga mutane nan sun fito cikin farar shadda, kowa ya tattare bakin riga yana neman inda zai taka. Mai keke mai tarbiyya, da ya hango kududdufi kusa da masu tafiya a ƙasa, sai ya sassauta, in hanyar ta matse ma ya sauka ya tura. Ya san in tayarsa ta watsa wa mutum wannan ruwa, ba datti kawai ya sa masa ba. Ruwan kwata ne, akwai shakkar najasa, dole bawan Allah ya koma gida ya sake kaya, watakila ya rasa huɗuba. Yaron da ya yi haka ba a kai shi gaban alƙali. Sai dai a tambayi ɗan gidan waye, kuma kafin magariba magana ta riga shi isa wurin mahaifinsa. Malamanmu sun karantar da mu cewa kawar da abin cutarwa daga hanya sadaka ne. To ina ga wanda shi da kansa yake watsa cutar?

Naku ma ya fi namu tsanani. Ku kuna tafiya ne a jere, tayar gaban wani dab da tayar bayan wani, don na gaba ya tare wa na baya iska. Tayar da ba ta da rufi tana ɗebo ruwa daga kwalta ta cilla shi sama ta baya, daidai fuskar wanda ke bin ka. Ruwan kuma ba na sama zalla ba ne. A hanyoyin ƙauye akwai kashin shanu da taɓon da taraktoci ke fitowa da shi daga gona, ga man mota, ga gishirin da ake barbaɗawa a titi don kada ƙanƙara ta daskare. Mutum ya yi awa uku yana haɗiyar wannan cikin sanyi, idonsa na raɗaɗi, ba ya ko ganin rami a gabansa. Da suka ce ka koma baya, ba wulaƙanta ka suka yi don kai baƙo ne ba. Ƙarshen layi shi ne kaɗai wurin da babu kowa a bayanka, kuma ko ɗan garin ne ya zo da tayarsa tsirara can za su tura shi.

Maganar cewa madigadi na ɓata kyan keke, na sha jin ta a bakin samari tun ina sayar da kayan keke a kasuwa. Raleigh da Phoenix da Hero duk da madigadin ƙarfe suke zuwa, na bayan da farin fenti a wutsiya da ɗan jan madubi don mai mota ya hango ka da dare. Sai yaro ya saya ya kwance su, wai ya fi gudu. Damina na shigowa ka gan shi da layin taɓo daga ƙugu har ƙeya, ya dawo yana tambayar ko muna da na hannu. Magidanta kuwa ƙari suke yi: a yanko roba daga tsohon tiyub a ɗaura a ƙasan madigadin, wani har ya sa a yi masa ado. Kuma ka san garin da kake zaune shi ne mahaifar Raleigh ɗin. A nan Nottingham aka kafa kamfanin, a nan aka yi ta ƙera shi har 2002, kuma wani sashe na jami'ar garin a filin tsohuwar masana'antar yake. Mutanen da suka aiko mana da keke mai madigadi sun daɗe da sanin ruwan ƙasarsu.

Yanzu batun saye. Na duba hoton da kyau, ka yi sa'a: keken naka yana da ƙananan ramukan noti kusa da inda tayoyi ke ɗaurewa, gaba da baya, kuma birkinsa na faifai ne, don haka babu ƙarfen birki da zai matse wuri a saman taya. Mai irin wannan keke ba shi da uzuri. Ka sayi cikakken madigadi, wanda ke bin taya tun daga ƙasan firam har can baya, mai sandunan ƙarfe da ake ɗaurewa da noti. Akwai waɗanda ake maƙalawa da igiyar roba, irin su SKS Raceblade, an yi su ne don kekunan da ba su da ramukan. Suna rage ɓarna, amma sun fi gajarta, suna gocewa in an shiga gargada, kuma yashi na shiga ƙarƙashin robar ya goge fenti in ba a manna tef a wurin ba. Shi kuwa ɗan faifan nan da ake cusawa ƙarƙashin sirdi, kada ma ka ɓata kuɗinka. Wandonka kaɗai yake karewa, na bayanka ba ya samun komai.

Faɗi shi ne inda mutane suka fi kuskure. A gefen tayarka an rubuta 28, wato milimita 28. Madigadi ya kamata ya ɗara taya da kamar milimita 8 zuwa 10, don haka kada ka yi ƙasa da mai 36, in firam ya ba da wuri ma ka ɗan haura. Wanda ya yi daidai da faɗin taya, ruwa ta gefe yake tserewa ya sauka a takalmanka. Sannan ka bar tazara tsakanin taya da madigadi, wadda ƙaramin yatsanka zai kusa shiga, kuma ta zama iri ɗaya daga farko har ƙarshe. In ka matse shi, taɓo zai taru yana gurzar taya, ka yi ta feda kamar an riƙe ka.

Akwai abin da ba na son ka yi wasa da shi. Ka tabbata sandunan madigadin gaba suna da ɗan maƙalin roba da ke ɓallewa da kansa idan wani abu ya shige. Reshe ko tsakuwa na iya maƙalewa tsakanin taya da madigadi. In babu maƙalin, madigadin zai naɗe, tayar gaba ta tsaya cak, mai keke ya wuce ta saman kai. Na taɓa ganin haka a hanyar Dadin Kowa, wani mai kai madara ne, guntun kara ya shige masa, haƙoransa na gaba a wurin ya bar su, alhali ba gudu yake yi ba. Kai da kake gangara tudu da gudun keken tsere, ka riƙe wannan.

Na roba da aka sa wa siririn alminiyam a ciki ya ishe ka, ba ya tsatsa, ba shi da nauyi, kuma in ya lanƙwashe yakan dawo. Na alminiyam zalla ya fi kyau a ido, ya fi tsada, ɗaura shi kuma sai da haƙuri. Kowanne ka saya, ka duba tsawon na baya, domin yawancinsu suna ƙarewa sama da inda ya kamata. A nan ne za ka yi dabarar magidantanmu: ka ƙara masa lallausan harshe na roba da zai sauko har ya rage kamar taƙi ɗaya ya taɓa ƙasa. Ana sayarwa, kana kuma iya yanko shi daga tsohuwar gorar ruwa ka huda ka ɗaure da noti biyu. Wannan harshe shi ne abin da 'yan ƙungiyar za su fara dubawa. Ka sa wani a na gaba, shi zai kare ƙafafunka da sarƙa.

In ka gama ɗaurawa, ka datse sandunan da suka yi tsini ka rufe bakinsu da 'yan hulunan robar da ke cikin ledar, sannan ka gwada juya kai a hankali ka ga ko gaban takalminka na taɓa madigadin, don kada ya zo maka ba zato a kwana. Bayan mako ɗaya ka sake bin notunan da sifana, sukan saki. Gishirin titi kuma maƙiyin ƙarfe ne, duk ranar da ka dawo ka ɗauraye keken da ruwa, ka share sarƙa ka ɗiga mata mai. A watan Disamba kafin ƙarfe 4 na yamma rana ta faɗi a wurinku, kada ka fita ba fitila gaba da baya.

Allah ya tsare hanya, ya ba da sa'ar karatu.

Baffanka, daga Gombe.